Kafin a Kafa Turke a Ƙasan Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Ƙasar da Ake Ɗora Dandamalin Mai a Kanta

Duk wanda ya taɓa yin gini ya san magini ba ya ɗora bulo sai ya tona harsashi ya ga abin da ke ciki: yashi ne, marmara ce, ko tsohuwar kududdufi ce da aka cike da shara. A teku ma dokar ba ta canja ba. Bambancin kawai shi ne ƙasar da za a yi ginin a kanta tana can ƙarƙashin ruwan da zurfinsa kan kai mita 1,000 ko fiye, inda ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba. Mafi yawan misalan da ke nan daga gaɓar Neja Delta aka ɗauko su, sai wasu daga Amurka, Nowe da Ostireliya, inda aka sha wuya kafin a fahimci wasu darussan.

Mene ne wannan binciken, kuma me ake nema a cikinsa?

Aiki ne na auna ƙasan teku da abin da ke ƙarƙashinsa kafin a kafa dandamali, a shimfiɗa bututu, a ɗaure jirgi ko a fara haƙa rijiya. Ana son a san zurfin ruwa da siffar ƙasan, ko shimfiɗaɗɗe ne ko gangare, da abin da ke kwance a kai. Ana son a san jerin ƙasar daga sama zuwa ƙasa: ina laka ta ƙare, ina yashi ya fara, kowane hawa nawa ne kaurinsa, kuma nauyin me zai iya ɗauka. Sannan ana neman abin da zai iya cutarwa, irin su gas ɗin da ya taru kusa da sama, tsagewar ƙasa, da gangaren da ke gab da zaftarewa. Injiniyan da zai zana harsashi yana jiran waɗannan amsoshin ne. Ba tare da su ba, lissafinsa zato ne kawai.

Ashe ba shi ne binciken da ake yi don gano mai ba?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Mai neman mai idonsa na kan duwatsun da ke nisan kilomita biyu, uku, huɗu a ƙarƙashin ƙasa. Yana amfani da sauti mai kauri wanda ke ratsawa nesa, amma ba ya bambance ƙananan abubuwa. Hawan yashi mai kaurin mita biyu zai wuce shi bai lura ba. Shi kuwa mai binciken harsashi damuwarsa mita 100 na farko, wani lokaci ma mita biyu na farko in bututu ne za a shimfiɗa. Ga haƙa rijiya kan duba har zuwa kusan mita 1,000 saboda gas. Ɗaya yana tambayar ina dukiyar take, ɗayan yana tambayar ina za a tsaya a ɗebe ta. Bayanan mai neman mai suna da amfani a matsayin somin-taɓi, musamman a ruwa mai zurfi, amma ba a zana turke da su.

Ta yaya ake ganin ƙasa a wurin da haske ba ya kaiwa?

Ba gani ake yi ba, sauraro ake yi. Hasken rana yana dusashewa tun a mita 200 na farko, amma sauti yana gudu a ruwan teku da saurin kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. In jirgi ya aika ƙara zuwa ƙasa ta dawo bayan daƙiƙa biyu, to zurfin wajen mita 1,500 ne. Matar da ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya, don ta ji ko ta tsage, ita ma amon take karantawa.

Na'urorin kowace da aikinta. Akwai mai harba sauti ɗaruruwa a jere kamar an buɗe mafici, tana zana taswirar tudu da kwarin ƙasan teku. Akwai wadda ake ja a bayan jirgi tana sauraron dama da hagu, tana fitar da hoto mai inuwa wanda a ciki ake gane tarkacen jirgi, tsohon bututu ko anka da aka yar. Akwai mai ratsa ƙasa mita goma zuwa hamsin, tana nuna hawa-hawan laka da yashi kamar an yanka kek an duba gefensa. Akwai mai jin ƙarfe, wadda ke gano abin da laka ta binne. A Tekun Arewa na Turai wannan ta ƙarshe ba abin wasa ba ce, domin har yau bama-bamai da nakiyoyin yaƙin duniya suna kwance a can ba su fashe ba.

A ruwa mai zurfi kamar na filin mai na Egina da ke tekun Najeriya, wajen mita 1,600, sauraro daga saman ruwa ba ya ba da hoto mai kaifi. Don haka ake ɗora na'urorin a kan wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi, mai siffar kifi, a sake shi ya yi ta shawagi 'yan mitoci goma-goma sama da ƙasan teku na tsawon yini ɗaya ko biyu, sannan ya taso a kwashe bayanan. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne saurin sauti yana canjawa da zafin ruwa da yawan gishirinsa, saboda haka dole a riƙa auna shi a kai a kai. In aka yi sakaci da wannan, taswirar gaba ɗaya za ta karkace, kuma babu wanda zai gane da ido.

In sauti ya nuna duk wannan, me ya sa sai an je an ɗebo ƙasar?

Saboda gani ya kori ji. Sauti zai gaya maka cewa a mita goma sha biyu ƙasa ta canja, amma ba zai gaya maka ƙarfinta ba. Layin da ka gani a hoto zai iya zama yashi mai tauri, zai iya zama laka mai ɗan gas a ciki. Dole hannu ya taɓa.

Ga saman ƙasa ana amfani da wani akwatin ƙarfe da ke yanko laka kamar rabin mita ba tare da ya dagula ta ba. Don zurfin mita goma zuwa ashirin ko fiye, akan saki dogon bututu mai nauyi a kai ya faɗa ya nutse, a janyo shi cike da laka a jere yadda Allah ya shimfiɗa ta. In yashi ne, sai an girgiza bututun da inji kafin ya shiga. Don mita 100 ko fiye kuwa sai jirgin haƙa na musamman, wanda zai tsaya cak a wuri ɗaya da ƙarfin farfeloli da tauraron ɗan Adam, ya yi ta haƙa yana ciro samfur mita bayan mita. Wasu gwaje-gwajen a cikin jirgin ake yin su nan take, sauran samfurin a toshe shi da kakin zuma ko makamancinsa, a kai ɗakin gwaji a tudu.

Akwai matsala guda da duk mai wannan sana'a ya sani. Lakar da aka ciro daga zurfin mita 1,000 ta bar matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗari, ta bar sanyin kusan digiri 4, ta fito cikin zafin Mashigin Tekun Gini. In da gas a narke a cikinta, sai ya kumbura ya tsattsaga ta. Abin da ya iso hannun mai gwaji ba daidai yake da abin da aka baro a ƙasa ba. Shi ya sa ake kuma gwada ƙasar a inda take.

Wane gwaji ne ake yi a can ƙasan?

Wanda ya fi shahara shi ne wanda ma'aikata ke kira CPT. Asalinsa daga Holan ne, tun shekarun 1930, ƙasar da gine-ginenta da yawa a kan laka suke. Sandar ƙarfe ce mai tsinin kai, kaurinta wajen santimita huɗu, ana tura ta cikin ƙasa a hankali da saurin santimita 2 a daƙiƙa, ba a ƙarawa ba a ragewa. Tana tafiya tana auna abu uku: yadda ƙasa ke ƙin tsinin, yadda take goge gefen sandar, da matsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar. Daga waɗannan ake gane yashi da laka, da ƙarfin kowanne, ba tare da giɓi ba. Injin da ke tura sandar ana saukar da shi ƙasan teku a kan firam mai nauyin tan da dama, don kada sandar ta ɗaga shi maimakon ta shiga.

A laka mai tsananin laushi tsinin ba ya jin komai sosai, sai a sauya shi da guntun ƙarfe a gicciye ko ƙwallo, dabarar da masana Jami'ar Yammacin Ostireliya suka ɓullo da ita.

Wace irin ƙasa ce a gaɓar Najeriya?

Ƙasar da koguna suka kawo ce. Miliyoyin shekaru Neja da Binuwai suna kwaso yashi da laka daga can cikin nahiya, har da abin da Rima, Kaduna da Gongola ke zuba musu, suna jibgewa a bakin teku. A tsakiyar Neja Delta kaurin wannan jibgi ya kai wajen kilomita 12. Jan ruwan da ake gani yana gangarowa a damina bayan ya wanke gonaki, wani sashensa can yake ƙarewa.

Kusa da gaɓa, inda aka fara fitar da man teku a filin Okan a 1965, ƙasar gauraye take: laka, yashi, laka kuma. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce teku ya yi ƙasa da na yau da kusan mita 120, don haka wurin da yanzu ruwa ya rufe a da tudu ne da koguna ke ratsawa. Da ruwa ya dawo sai tsoffin hanyoyin kogunan suka cika da laka mai laushi suka ɓace. Dandamali mai ƙafa huɗu zai iya samun ƙafa uku a kan yashi, ta huɗun a cikin tsohon kogi. Rami ɗaya da aka haƙa a tsakiya ba zai nuna wannan ba. Hoton sauti ne ke nuna shi. A nan ne ake gane cewa sauraro da taɓawa ba kishiyoyi ba ne, kowanne makaho ne in babu ɗan'uwansa.

Can cikin teku, inda filayen mai na Bonga, Agbami da Egina suke, laka ce mai laushi ƙwarai, mai ruwa da yawa, wadda a saman ta za ka iya cusa hannu har gwiwar hannu ba wahala. Ƙarfinta yana ƙaruwa a hankali da zurfi. A wurare da yawa na Mashigin Gini akwai wani ɓawo mai ɗan tauri a mita ɗaya ko biyu na farko, wanda binciken masana ya danganta da kashin tsutsotsin da ke rayuwa a cikin lakar. Abu ne da za a iya rainawa, amma a kan wannan ɓawon ne bututu ke kwanciya.

Me ya fi ba masu haƙa tsoro?

Gas ɗin da ke kusa da sama. A farkon haƙa rijiya ba a riga an ɗora babbar na'urar toshe rijiya ba, domin ba a samu inda za ta kama ba tukuna. In bakin haƙa ya faɗa aljihun gas a wannan matakin, gas ɗin zai taso cikin 'yan mintoci, babu abin tare shi. A Oktoban 1985 hakan ya faru da na'urar haƙa ta West Vanguard a tekun Nowe, wuta ta tashi, mutum ɗaya ya rasa ransa. Gas a cikin yashi yana mayar da sauti da ƙarfi, yana fitowa a hoto kamar tabo mai haske, abin da ke ƙarƙashinsa kuma ya dusashe. In an gan shi, mafi sauƙin magani shi ne a matsar da bakin rijiyar gefe.

A zurfin Neja Delta akwai kuma ramuka masu kama da kwano a ƙasan teku, wasu faɗinsu ɗaruruwan mitoci, waɗanda gas da ruwa suka huda suna fitowa. Masu bincike na cibiyar Ifremer ta Faransa sun yi aiki mai yawa a kan irin waɗannan ramuka, suka sami ƙanƙarar gas a cikinsu. Wannan ƙanƙara tana haɗuwa ne idan gas da ruwa suka gamu cikin sanyi da matsi mai yawa. Muddin tana daskare, tana riƙe ƙasa kamar siminti. Amma man da ke fitowa daga rijiya da zafinsa yake zuwa, kuma in ƙanƙarar ta narke, kowane awo ɗaya nata yana sakin gas da ya ninka shi kusan sau 160. Ƙasar da jiya take da tauri sai ta koma kunu. Ba a kafa anka ko shimfiɗa bututun mai zafi a bakin irin wannan ramin.

Na ji ana cewa ƙafar dandamali kan "huje". Me ake nufi?

Makiyayi ya san wannan tun kafin injiniya. In tafki ya janye da rani, samansa kan bushe ya yi ɓawo, yaro ya taka ya wuce lafiya, amma saniya ta ɗora ƙafa sai ɓawon ya fashe ta nutse har ciki.

A ruwa mara zurfi, har zuwa kamar mita 120, ana haƙa da wata na'ura mai ƙafafu uku dogaye. Ana jawo ta tana iyo, ta sauke ƙafafunta ƙasa, ta ɗaga jikinta sama da igiyar ruwa. Kowace ƙafa tana da tafi mai faɗin da kan kai mita goma sha biyar ko fiye. Kafin a fara aiki ana ɗura ruwan teku a tankunanta don a danna ƙafafun, a gwada ƙasar da nauyin da ya fi wanda za ta ɗauka lokacin guguwa. In ƙafa ɗaya ta tsaya a kan siririn yashi wanda laka mai laushi ke ƙarƙashinsa, za ta riƙe, ta riƙe, sai kwatsam ta ɓurma mita da yawa cikin daƙiƙoƙi. Na'urar ta karkace, ƙafa ta lanƙwashe, mutanen da ke sama su shiga haɗari. Wannan yana cikin haɗuran da suka fi yawa ga irin waɗannan na'urori a duniya, kuma abin takaici shi ne gwajin CPT a wurin kowace ƙafa yana nuna shi ƙarara. In an sani, ana danna ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, jikin na'urar yana dab da ruwa, ta yadda ko ƙafa ta ɓurma ruwa zai tallafe ta.

Ƙasa tana zaftarewa a cikin teku kamar a tudu?

Tana yi, kuma a gangaren da ido zai ce shimfiɗa ne, digiri ɗaya ko biyu kacal. Wanda yake Najeriya ko Ghana a ranar 14 ga Maris 2024 ya ɗanɗani abin da ke faruwa in an sami matsala a ƙasan teku: intanet ya tsaya, manhajojin banki suka ƙi aiki, bayan manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun katse a tekun Kwaddibuwa, kuma bayanin farko na kamfanin MainOne, mai ɗaya daga cikin wayoyin, ya ɗora laifin a kan motsin ƙasa a can ƙarƙashin ruwa. Kafin nan, a Janairun 2020, ambaliyar laka ta gangara kwazazzabon da ke bakin Kogin Kwango, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a ƙarƙashin teku, ta tsinke wayoyin SAT-3 da WACS. Abin da ya tsinke waya zai iya tsinke bututu. Gaɓar Najeriya ma tana da nata kwazazzabai, irin su Avon, Mahin da Kalaba.

A bakin Kogin Misisifi, inda laka ke taruwa da sauri kamar a Neja Delta, guguwar Camille ta 1969 ta motsa lakar ƙasan teku har ta kifar da dandamalin kamfanin Shell. A Satumban 2004 guguwar Ivan ta yi wa dandamalin Taylor Energy haka a gaɓar Luwiziyana, laka ta binne bakin rijiyoyin, mai ya yi ta tsiyaya fiye da shekara goma kafin a kafa abin tare shi a 2019.

Misalin da na fi ƙauna shi ne na Nowe, domin yana nuna bincike ba hana aiki yake yi ba. Filin gas na Ormen Lange yana cikin tabon zaftarewar Storegga, wadda ta auku kimanin shekara 8,200 da suka wuce, ta kwashe ƙasar da yawanta ya kai kusan kiyubik kilomita 3,000, ta tayar da igiyar ruwan da ta kai Sikotlan. Kafin a taɓa filin an shafe shekaru ana haƙa, ana auna matsin ruwan cikin ƙasa, ana ƙididdige shekarun laka. Sakamakon shi ne zaftarewar ta biyo bayan jibgin da zamanin ƙanƙara ya tara ne, kuma wannan jibgin ya riga ya tafi. Aka yi ginin, gas ya fara fita a 2007.

An taɓa yin binciken amma duk da haka aka yi kuskure?

An yi. A 1982, lokacin kafa dandamalin North Rankin A a arewa maso yammacin Ostireliya, turakun ƙarfen da aka zata sai an sha dukansu da guduma sun riƙa zurmawa cikin ƙasa da sauƙin da ya firgita kowa. An san yashi ne a wurin. Abin da ba a yi la'akari da shi sosai ba shi ne irin yashin: ɓaraguzan ƙwanso da ƙasusuwan ƙananan halittun ruwa ne, masu murƙushewa in an matsa su, ba irin yashin kogi mai tauri ba. Da turke ya shiga sai ƙwayoyin suka niƙe, ƙasar ta saki jikinsa. Ƙa'idojin lissafin da aka yi amfani da su a Tekun Meziko da Tekun Arewa aka gina su, a kan wata ƙasa daban. Gyaran ya ɗauki shekaru, ya ci ɗaruruwan miliyoyin dala.

A ganina wannan labarin ya shafe mu kai tsaye. Lakar Mashigin Gini ba lakar Tekun Meziko ba ce, kuma lissafin da aka ɗauko daga wani teku dole a gwada shi a kan tamu kafin a yarda da shi.

Manyan filayen Najeriya jiragen ruwa ne ke aiki a kansu. Me ya haɗa abin da ke iyo da ƙasa?

Abin da ke riƙe shi. Bonga, mai nisan kilomita 120 daga gaɓa, ya fara fitar da mai a Nuwamban 2005, Agbami a 2008, Egina a ƙarshen 2018, kuma dukkansu manyan jirage ne da ake kira FPSO, masu raba ɗanyen mai da ruwa da gas, su kuma adana shi. Haka filin Jubilee na Ghana tun 2010. Kowane jirgi a ɗaure yake da sarƙoƙi da dama zuwa ƙasan teku, kuma zai zauna a nan shekara ashirin ko fiye.

Ankar da aka fi amfani da ita a irin wannan laka tana aiki ne kamar ƙahon wanzami. Katon bututun ƙarfe ne, faɗinsa mita huɗu zuwa shida, tsayinsa kan kai mita ashirin ko talatin, buɗe a ƙasa, rufe a sama. Ana ajiye shi ya nutse da nauyinsa, sannan a zuƙe ruwan da ke ciki ta sama, matsin teku ya danna shi ciki. In lakar ta fi yadda aka zata tauri, ba zai shiga ba. In ta fi laushi, ba zai riƙe ba. Ga kuma bakunan rijiyoyi da manyan mahaɗan bututu da ke zaune a ƙasan, kowanne da harsashinsa.

Bututu fa, ai kwanciya kawai yake yi?

Ba ya kwanciya shiru. In mai zafi ya bi ta cikinsa yana miƙewa, in an tsayar da aiki ya huce yana tsukewa, kuma a tsawon kilomitoci wannan motsin yana sa shi lanƙwasa gefe ko jan ciki kaɗan-kaɗan. Yadda laka ke riƙe cikinsa ne ke ƙayyade inda zai lanƙwasa. Sannan in ya ƙetare kwari ya zama a rataye, igiyar ruwa za ta yi ta kaɗa shi har ƙarfen ya gaji. A ruwa mara zurfi kuma akwai jirage: a 2012 ankar jirgi ta lalata bututun gas na Afirka ta Yamma a kusa da Lome, Ghana ta yi watanni ba ta samun gas ɗin Najeriya. Bincike ne ke nuna inda ya kamata a binne da inda za a kauce.

Wata nawa ake ɗauka, kuma da tsada?

Aikin teku makonni ne zuwa watanni kaɗan, gwajin ɗaki da rubuta rahoto su ƙara wasu watannin. Jirgin bincike kuɗinsa a kullum ake lissafawa, ko ya yi aiki ko igiyar ruwan damina ta hana shi. A Mashigin Gini ana ƙara kuɗin tsaro, domin jirgin da ke jan na'ura a hankali ba ya iya gudu. A 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirage 130 a yankin. Duk da haka kuɗin ɗan ƙaramin kaso ne na aikin da ke cin biliyoyin dala. Kuskuren da aka fi yi ba ƙin binciken ba ne, jinkirta shi ne har sai an riga an yanka ƙarfe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyan da ba shi da bayanai yakan ƙara wa turke tsawo don kariya, kuma kuɗin wannan ƙarin sau da yawa ya fi na binciken da aka ƙi biya.

Ƙarar na'urorin ba ta cutar da kifaye da masunta?

Tana iya yi, musamman bindigogin iska masu ƙarfi da ake harba sauti da su cikin ruwa. Dabbobin ruwa irin su kifin whale da dolfin da sauti suke rayuwa. Ƙa'idar aiki ita ce a ɗauki masu sa ido a jirgi, a fara ƙarar a hankali, a dakata in an hango su kusa. Na'urorin binciken harsashi sun fi na neman mai rauni nesa ba kusa ba, amma masuntan bakin gaɓa suna da haƙƙin a sanar da su kafin jirgi ya ja waya ta cikin komarsu, kuma in an yi musu ɓarna a biya su ba tare da jan rai ba.

Wa ke sa ido a kan wannan a Najeriya?

Hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba da izinin bincike da haƙa. Ma'aikatar muhalli ta tarayya ke kula da nazarin tasirin aiki ga muhalli bisa dokar 1992. Hukumar NCDMB, ƙarƙashin dokar 2010, tana bibiyar kason 'yan ƙasa a kwangiloli da ma'aikata. A ɓangaren taswirar tekun Najeriya kuwa, sojojin ruwa sun karɓi jirgin bincike NNS Lana a 2021.

Da an gama gini, bincike ya ƙare?

Bai ƙare ba. Igiyar ruwa tana ƙwaƙule yashi a gindin turke. Na'urar haƙa in ta tashi tana barin manyan ramukan sawunta, kuma wadda za ta zo bayanta ƙafarta na iya zamewa cikin tsohon sawu. Ƙasar kanta tana iya sauka: a filin Ekofisk na Nowe, da aka yi ta ɗiban mai sai dutsen allin da ke ƙasa ya matse, ƙasan teku ya nutse mitoci, har a 1987 aka yanke ƙafafun dandamalan aka ɗaga su mita 6.

Ɗalibin da ke son wannan aiki, me zai karanta?

Ƙofofin uku ne: ilimin duwatsu da kimiyyar sauraron ƙasa, injiniyancin gine-gine da ƙwarewa a halayyar ƙasa, da safiyo. Ba sai an haife ka a bakin teku ba. Darasin halayyar ƙasa da ake koyarwa a Zariya, Kano, Bauchi ko Minna shi ne tushen abin da ake yi a cikin jirgin, kuma wanda ya fahimci dalilin da ya sa baƙar lakar yankin Tafkin Chadi ke tsaga gini ya riga ya kama hanya. Akwai makarantar safiyo ta tarayya a Oyo, da cibiyar horon man fetur ta Effurun, kuma asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, yana ba da tallafin karatu mai zurfi. A ƙara da lissafi, sarrafa bayanai a kwamfuta, da Turancin rubuta rahoto. Kafin a hau jirgi ko helikwafta dole a yi kwas ɗin tsira a teku, wanda a ciki ake kifar da mutum cikin ruwa a akwati mai siffar helikwafta ya koyi fita, don haka wanda bai iya iyo ba ya fara koya tun yanzu. Aikin kansa awa goma sha biyu ne a kullum, makonni huɗu ko fiye ba a ga tudu ba, kuma sabon shiga yakan fara ne daga teburin da ake yanka samfurin laka, yana murza ta tsakanin yatsu, yana rubuta launinta da warinta da zurfin da aka ciro ta.